Ƙarin Sifirin A Motar A-Kori-Kura: Gyara Ne Ko Ganganci?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Doguwa ta nufi Saminaka da Jos, in dai a lokacin kaka ne, ba sai an ba shi labarin motar a-kori-kura ba. Tun daga watan Oktoba har bayan Kirsimeti ita ce jakin wannan zamani a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ita ke shiga lungun da babbar mota ba ta iya shiga, ta kwaso masara da shinkafa da dawa da rake daga bakin gona, ta fito da su bakin kwalta ko ta kai su kasuwa.

A da, gane motar da aka yi wa lodin wuce kima ba shi da wuya. Za ka gan ta tafe baya a ƙasa, gaba a sama, kamar kurar da ke cikin sunanta, in ta faɗa rami kuwa ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Amma yanzu sai ka ga mota da tulin buhuna ya zarce kan direba, har da mutane zaune a bisa, ga ta kuwa a miƙe sak kamar ba ta ɗauki kome ba. In ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashinta za ka ga asirin, watau an ƙara mata sifirin.

Tambayar da muke so mu duba a wannan mako ita ce, shin ƙarin sifirin yana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Yana ɗaga bayan mota, yana kuma da amfaninsa in an yi shi bisa ƙa'ida, amma ba ya ƙara ko mudu ɗaya a kan nauyin da aka ƙera motar domin ta ɗauka.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Wani ɗan'uwa ne a wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, ba za mu ambaci sunansa ba, ya tara kuɗin noman shekaru, ya haɗa da na adashi da na bijimin da ya sayar, ya sayi tsohuwar a-kori-kura domin jigilar amfanin gona. Da kaka ta kama sai ya ga abokan sana'arsa suna ɗaukar buhu ashirin a sawu ɗaya, shi kuwa da ya sa goma sha biyu sai bayan motar ya zauna. Aka ba shi shawara ya je gareji, aka ƙara masa falle uku-uku a kowane gefe. Mota ta miƙe, shi ma ya shiga sahun masu ashirin.

A mako na uku, yana saukowa wata 'yar gangara da lodin masara, sai tayar baya ta hagu ta fice gaba ɗaya tare da sandar ƙarfen da ke juya ta, ta yi daji. Motar ta durƙusa ta gefe guda, buhuna suka zube. Akwai mata biyu a bisa kayan, waɗanda suka roƙi a rage musu hanya zuwa kasuwa. Ɗaya ta karye a hannu, ɗayar ta yi targaɗe a ƙafa. Mun gode wa Allah da ba a rasa rai ba. Amma motar ta zauna a gareji har kaka ta wuce, ga kuɗin magani, ga masarar mutane da ta watse a ƙasa sai da ya biya.

Da muka je yi masa jaje mun tarar da wani dattijon bakanike, wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin ƙarfinsa ya ragu. Mai motar ya dube shi ya ce, "Baba, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sifirin ɗin nan ko falle ɗaya bai karye ba." Dattijon ya ce, "Ɗana, ai da ma ba shi ne zai karye ba. Ka ƙara wa jaki akumari, ka ninka masa mangala, ka manta ƙafafunsa huɗun nan su ne dai na jiya." Wannan magana ce ta sa muka ga ya kamata mu bi abin daki-daki, domin da yawa cikin masu karanta wannan shafi ko suna da irin wannan mota, ko suna tuƙa ta, ko suna ba ta kaya, ko suna hawanta.

YADDA SIFIRIN YAKE AIKI

Sifirin na bayan a-kori-kura falle-fallen ƙarfe ne masu lanƙwasa kamar baka, an jera su ɗaya bisa ɗaya, mafi tsawo a sama, gajeru a ƙasa. Babban fallen yana da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a kafe yake a jikin shasi, watau ƙashin bayan mota. Idon baya kuwa yana rataye ne a wani ɗan ƙarfe mai lilo, domin in nauyi ya danne sifirin ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru, ya sami wurin motsawa. Akwai ƙusa guda a tsakiya, wadda kanikawa ke kira santa-bol, da ta ratsa dukan fallen ta haɗe su wuri ɗaya. Sa'an nan wasu ƙarafa biyu masu siffar harafin U suka ɗaure su tam a jikin aksul, wanda shi ne tayoyin baya ke maƙale da shi.

Aikin sifirin shi ne ya riƙe bodi da kayan da ke ciki, ya kuma shanye dukan rami da gargada kada ya kai ga shasi. Shokozoba da ke kusa da shi ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa kawai ya hana mota yin ta tsalle bayan ta wuce rami. Shi kuma ƙarfen sifirin ba irin na rodi ba ne. A masana'anta an gasa shi, an tsoma shi a mai, an sake ɗumama shi bisa awo, shi ya sa yake lanƙwasa ya komo yadda yake.

Akwai kuma wani aiki da mutane ba su cika lura da shi ba. Sifirin shi ne ma'aunin da ido ke gani. In bayan mota ya zauna har aksul ya taɓa robar da ke jikin shasi, motar tana faɗa wa mai ita ne cewa kaya sun isa haka. Hausawa sun ce jiki magayi. Wanda ya ƙara sifirin domin ya ninka lodi, bai warkar da ciwon ba, bakin mai faɗa masa gaskiya ya toshe.

IYAKAR DA MAƘERA SUKA SA

Yawancin motocin da muka saba da su a wannan yanki an ƙera su ne domin su ɗauki kimanin tan ɗaya, watau kilo 1,000, wasu ƙasa da haka kaɗan, wasu sama da haka kaɗan. Haka abin yake ga Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda suka cika ƙasar nan bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975. Haka kuma yake ga Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1968. Su kuwa ƙananan motocin nan irin su Hijet da ake shigo da su daga Japan, a can ƙasarsu iyakar kayansu kilo 350 ne, watau buhun masara uku da rabi.

Akwai ɗan allon ƙarfe ko takarda da kamfani ke mannawa a jikin ƙofar direba ko a cikin gidan inji, wanda ke nuna iyakar nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, a wasu motocin har da iyakar abin da aksul na gaba da na baya za su ɗauka. In ka cire nauyin motar kanta daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabon kaya. A lura, cikin wannan rabo har da direba da yaron mota da duk wanda ya hau, har da shingen ƙarfen da aka yi wa bodi walda domin tare buhuna. Buhun masara cikakke kilo 100 ne. Manyan mutane biyu sun fi buhu ɗaya nauyi. Ashe ke nan motar tan ɗaya, in an yi lissafi na gaskiya, buhu takwas ko tara ne haƙƙinta.

Wannan iyaka ba sifirin kaɗai aka duba aka sa ta ba. An duba aksul, da boris, da taya, da birki, da shasi. Dukansu tare aka auna su, kamar duwatsun murhu.

ƘARIN IRI BIYU NE

Na farko shi ne wanda aka fi yi a garejin kauye da na bakin titi. A kwance ɗaurin sifirin, a cusa falle biyu ko uku a tsakani, galibi na wata tsohuwar mota da aka samo a wurin masu sayar da kayan gwangwan, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sa'an nan a sake ɗaurewa. Wannan yana da araha, amma yana sa sifirin ya yi tauri kullum, da kaya ko ba kaya. In motar ta juyo wayam sai ta riƙa tsalle a kan gargada kamar ɗan akuya, tayoyin baya ba su zama sosai a ƙasa, in an yi ruwa kuma bayanta ya riƙa zamewa. Dukan da sifirin ya ƙi shanyewa kuwa shasi ne ke sha.

Na biyu shi ne mataimaki na ainihi, irin wanda ake gani a manyan motocin ɗaukar kaya. Shi ɗan gajeren ɗauri ne dabam da ke zaune bisa babban sifirin, bakinsa biyu ba su taɓa kome ba in mota ba ta da kaya. Sai nauyi ya danne ta, ta sauko, sa'an nan bakin nasa su tokari wasu ƙarafa da aka kafa a jikin shasi, ya fara taya babban ɗauka. Wannan ya fi dacewa da motar da ke zuwa da kaya ta komo ba kome, gama ba ya hana ta laushi in tana wayam. A ƙasashen waje har akwai na roba mai kama da salka, wanda ake hura wa iska in za a ɗauki kaya, a sace iskar in an sauke.

Abin lura shi ne, a Amurka kamfanonin da ke ƙera waɗannan mataimaka su da kansu suke rubuta gargaɗi cewa kayansu ba ya ƙara iyakar nauyin da maƙerin mota ya sa. A Ostareliya kuwa, wanda ke so a ɗaga masa wannan iyaka sai injiniya mai izini ya duba motar, a yi mata gyaran da ya kamata, a manna mata sabon allo, ƙarin ma galibi ba ya wuce 'yan ɗaruruwan kilo. Ba inda aka yarda cewa falle uku na ƙarfe sun mai da motar tan ɗaya ta tan biyu.

ABUBUWAN DA ƘARIN SIFIRIN BA YA TAƁAWA

Na ɗaya, aksul da boris. A manyan motoci nauyin kaya yana zaune ne a kan bututun aksul, ita kuwa sandar da ke ciki, wadda ake kira shaf, juya taya kawai take yi. A yawancin ƙananan a-kori-kura ba haka ba ne. Shaf ɗin ita ke juya taya, ita kuma ke ɗauke da nauyin, a kan boris na bakin aksul. In kaya sun yi yawa sai boris ya yi zafi ya ci kansa, shaf ta riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kowane juyi har ta gaji ta tsage. Ranar da ta karye, taya na iya ficewa da ita gaba ɗaya. Abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan.

Na biyu, taya. Kowace taya tana da lambar da ke nuna iyakar nauyinta, a rubuce a gefenta. Alal misali, in ka ga 195R14C sa'an nan 106/104, lambar 106 tana nufin kilo 950 ga taya ɗaya, shi ma sai in an cika ta da iska daidai awon da aka rubuta. Tayoyin baya biyu ke nan kilo 1,900. In lambar 102 ce, kilo 850 ne. Tayar ƙaramar motar shiga mai lamba 88 kuwa kilo 560 kacal take ɗauka, amma sau nawa muke ganin irinta a bayan motar kaya domin ta fi araha? To, buhu ashirin kilo 2,000 ne, kusan dukan nauyinsu kuma a kan tayoyin baya yake sauka, ga nauyin bayan motar kanta a kai. An riga an wuce iyaka tun mota ba ta bar bakin gona ba. Tayar da aka danne fiye da kima tana yin zafi daga ciki, musamman a kan kwalta da tsakar rana, har ta fashe ba sallama.

Na uku, birki. Aikin birki shi ne ya mai da gudun mota zafi. A ce mota da halattaccen kayanta ta kai tan biyu da rabi, aka ƙara buhu goma ta zama tan uku da rabi. Zafin da birki zai sha a kowane tsayawa ya ƙaru da kashi 40 cikin 100. In kuma aka ninka gudu, zafin ninki huɗu yake yi. A ƙasa mai hawa da gangara kamar ta Doguwa da duwatsun Riruwai, direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangara zai iya isa ƙasa ya tarar birkin ya ɗauki zafi ya daina kamawa. In man birkin ya tsufa ya sha ruwa, tafasa yake yi, a taka a ji ƙafa ta tafi har ƙasa.

Akwai kuma wani abu a nan da ko kanikawa ba duka suka san shi ba. A motoci da dama, kamar tsofaffin Hilux da ire-irensu, akwai wani bawul a ƙarƙashin bodi wanda aka haɗa da aksul na baya da 'yar siririyar sanda. Aikinsa shi ne ya auna yadda bayan mota ya zauna. In ya zauna sosai, bawul ɗin ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bai zauna ba, sai ya rage, domin kada tayoyin baya su ƙame mota ta juya. To, in an ƙara sifirin, motar tana ɗauke da buhu ashirin amma bayanta a sama yake, sai bawul ya ɗauka ba kaya, ya hana birkin baya ƙarfin da ake bukata a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Dukan wahalar sai ta koma kan birkin gaba.

Na huɗu, shasi. Sifirin mai tauri yana tura dukan kowane rami kai tsaye zuwa inda aka rataye shi. Shi ya sa ake yawan ganin tsagewa a kusa da maratayin sifirin, ko a tsakanin kan direba da bodi, inda motar ke son karyewa biyu. Walda a kan walda ba ta mai da shasi sabo.

Na biyar, daidaiton mota. Ƙarin sifirin yana ɗaga bodi, tulin buhuna kuma yana ƙara hawa sama. Duk yadda nauyi ya yi sama haka mota ke saurin kifewa a kwana ko in taya ɗaya ta sauka daga kwalta. In kuma an zuba kaya a can ƙarshen bodi, ko an buɗe ƙofar baya an ɗora wasu a kanta, sai gaban mota ya yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta riƙa haska saman itatuwa tana kashe wa masu zuwa ido.

KADA MU ƊORA WA DIREBA LAIFIN DUKA

Gaskiya ɗaya ce, ba don son ganganci direbobinmu ke yin haka ba. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, aka koma ga 'yan Kwatano da kayan gyara na hannu. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin sawu ɗaya ya yi tashin gwauron zabo. Ga mai mota na jiran balas da yamma, ga ɗan kamasho, ga kuɗin tasha. Manomi kuma bisa buhu yake biya, ba bisa sawu ba, kowa yana so a kwashe nasa yau kafin farashi ya faɗi. Direban da ya ce buhu tara zai ɗauka, sai a ce ba ya son aiki.

Amma a yi lissafin har ƙarshe. A sa ribar buhu goman nan na ƙari a hannu ɗaya. A ɗaya hannun a sa kuɗin tayoyi biyu da suka mutu tun kwanansu bai kai ba, da boris, da shaf, da kulocin da ya ƙone a wurin hawa, da man da mota mai nauyi ke sha, da kwanakin da za ta yi a gareji a tsakiyar kaka, lokacin da ake samun kuɗin shekara. Ba mu ma sa tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ba, wadda aka kafa a 1988, wadda kuma lodin wuce kima na cikin laifuffukan da take kamawa. Ba kuma wanda ke so mota ta lalace masa da magariba a tsakiyar dajin Falgore. Garin neman ƙiba ake samo rama.

IN ZA A ƘARA, A ƘARA BISA ƘA'IDA

Ba muna cewa ƙarin sifirin haramun ne ba. Tsohuwar mota wadda sifirinta ya gaji ya kwanta, ko wadda kullum take ɗauke da cikakken kayanta a kan hanyar burji mai ramuka, za ta amfana da shi. Zai hana aksul dukan shasi, ya daidaita fitila, ya sa sitiyari ya zauna. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. A fara duba na asali. In akwai fallen da ya karye ko ya tsage, a canja shi tukuna. Haka kuma robobin idon sifirin da shokozoba.

2. A ƙara daidai wa daida a gefe biyu, falle iri ɗaya, faɗi ɗaya da na asali, kauri ɗaya. In gefe guda ya fi ɗaya tauri, mota za ta karkace.

3. Kada a yarda a yi wa fallen sifirin walda, ko a gasa shi da wutar gas domin a lanƙwasa shi ko a huda shi. Wuta tana kashe ƙarfin da aka ba shi a masana'anta, a nan wurin kuma zai karye.

4. A sa sabuwar santa-bol da sababbin ƙarafan U masu tsawon da ya dace da sabon kaurin. Bayan sawu biyu ko uku na farko a koma a sake ɗaure notinansu, gama sukan saki in fallen sun zauna. Sakakken ɗauri shi ke karya santa-bol, aksul ya goce.

5. In motar tana da bawul ɗin birki da muka ambata, a sa wanda ya san aikinsa ya sake daidaita shi. Kada a yarda a cire shi ko a ɗaure sandarsa da waya.

6. A sa tayoyin kaya masu harafin C, a duba lambar nauyinsu, a duba kuma shekarunsu. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne a gefen taya ke nuna haka. Alal misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi.

7. Tun da yanzu ido ba zai ƙara gaya maka kaya sun isa ba, sai ka koma ga ƙirga. Ka san adadin buhunan da motarka ke ɗauka, ka rubuta shi da fenti a jikin bodi in ta kama, domin ya raba ka da gardama.

Wajen lodi kuma, a sa mafi nauyi a ƙasa, a matso da shi kusa da kan direba, a raba shi daidai hagu da dama, a ɗaure da igiya mai kyau. A gangara a sa babbar giya mai riƙe mota tun daga sama, watau ta biyu ko ta ɗaya, a bar inji ya taya birki. Kada a kashe inji ko a fitar da giya don tsimin mai. In an yi tafiya mai nisa a tsaya a kai hannu kusa da tsakiyar tayar baya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi ƙwarai, ko ana jin gurnani daga can, boris ne ke kuka, kada a ce bari a kai wannan sawun tukuna.

NAMU RABON

Saura mu da ba mu tuƙi. Mu ne masu cewa, "Haba direba, buhu biyun nan kaɗai suka rage, ka taimaka." Mu ne kuma muke ɗaukar hayar a-kori-kura ranar biki ko jana'iza ko babban taron zumuntar mata, mu cika ta da iyayenmu mata da yara, wasu a tsaye, wasu a bakin bodi ƙafafu na reto, muna murna mota ba ta zauna ba. Mutum ashirin manya sun haura tan ɗaya, kuma mutum ba buhu ba ne, yana motsi, in mota ta karkata duk su karkata tare da ita. Muna roƙon dattawa da shugabannin ƙungiyoyi da ke shirya irin waɗannan tafiye-tafiye su ƙirga mutane kafin su yi cinikin mota. In sawu biyu ne, a yi sawu biyu. In kuɗin bai kai ba, a rage masu tafiya. Bisa tulin kaya kuwa kada a bar kowa ya hau, ko da kyauta ne.

Manoman unguwa ɗaya kuma za su iya haɗa kai. A-kori-kura ta riƙa fito da kaya kaɗan-kaɗan daga gona zuwa bakin kwalta, a tara su wuri guda, sa'an nan a ɗauki hayar babbar mota ta kai su Dawanau ko duk kasuwar da aka nufa. Kowace mota ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa.

Shi ɗan'uwan namu motarsa ta komo hanya. Bai cire ƙarin sifirin duka ba, ya bar falle ɗaya-ɗaya saboda ramukan hanyar ƙauyensu, ya sayi tayoyin kaya, ya kuma tsaya a kan buhu tara. Abokansa suna yi masa ba'a, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.